Saboda siyasa ka daina gaisawa da ɗan uwanka?

Wallahi abin nan ya tsaya min a rai tun jiya. Wajen zaman makoki a Jahun na ga wa da ƙani, uwa ɗaya uba ɗaya, kowa ya ja tabarmarsa gefe ko kallon juna ba sa yi, kuma ba gado ne ya raba su ba ba fili ba, wai tun zaɓen 2023 ƙanin ya zagi ɗan takarar yayan a Facebook, yayan ya rama da gori, shi kenan har yau. Innalillahi.

Haba 'yan uwana mutanen Bauchi, mu da muka ga komai da idonmu? Malam Isa Yuguda a ANPP ya ci gwamna a 2007, zuwa 2009 ya koma PDP. Kauran Bauchi Bala Mohammed a ANPP ya je majalisar dattawa a 2007, a PDP ya zama gwamna a 2019. Ban ce sun yi laifi ba, haka siyasa take, yau ana adawa gobe ana zaune tebur ɗaya wajen ɗaurin auren 'ya'yansu ana raha. To kai da ka yanke zumunci saboda jam'iyya, idan mai gidan naka ya sauya sheƙa ya koma inda ɗan uwanka yake, da wane ido za ka kalle shi?

Ka zagi dattijo sa'an babanka a kwament saboda an tura maka kuɗin data. Ka daina sayen kaya wajen maƙwabcinka a kasuwar Wunti, ka ƙi bin liman sallah wai ɗan wancan ɓangaren ne, ke kuma Hajiya kin fice daga guruf ɗin dangi na WhatsApp kin ƙi zuwa sunan 'yar ƙanwarki. Kuma duk mun san Annabi (SAW) ya hana ƙaurace wa ɗan uwa fiye da kwana uku, mu muna shekara uku ko a jikinmu.

Ranar da ciwo ya kwantar da kai a asibiti cikin dare wa zai kwana a kanka? Wannan da ka toshe lambarsa ne fa. Shi zai yi ta faɗi-tashin neman jini, shi zai tsaya a kan yaranka.

Ka zaɓi wanda kake so, ka tallata shi, ka soki gwamnati in ta yi ba daidai ba, haƙƙinka ne. Amma don Allah don Annabi ka kira ɗan uwanka yau, kar ka jira sai shi ya fara. Ko sallama ce kawai ka yi masa. Don Allah yau ɗin nan.