Masu ƙona Chhayanaut sun ari bakin Ayub Khan

A daren 18 ga Disamban 2025, da labarin rasuwar Sharif Osman Hadi, matashin ɗan gwagwarmayar siyasa da aka harba kwanaki kaɗan kafin nan, ya iso Dhaka, babban birnin Bangladesh, daga wani asibiti a Singafo, gungun mutane suka fantsama kan tituna. Suka banka wa ofisoshin jaridun Prothom Alo da The Daily Star wuta, ma'aikata suka maƙale a saman bene hayaƙi na turnuƙe su. Sannan aka afka wa Chhayanaut a unguwar Dhanmondi, makarantar da yara ke koyon waƙa, aka farfasa ganguna da sauran kayan kiɗa.

Ɓarnar ba ta ƙona mini rai kamar masu wanke ta ba. Wai fushin matasa ne, wai gidan 'yan koren Indiya ne. To, wanda ya harbi Hadi a ajin waƙa ya ɓuya?

Wannan zargi tsohon yayi ne, kuma Waheedul Haq ya sha jin sa tun yana da shekara 28. Ɗan jarida ne, an haife shi a 1933. A 1961, lokacin da ƙasar take Gabashin Pakistan, gwamnatin Janar Ayub Khan ta ɗaure fuska kan bikin cikar Rabindranath Tagore shekara ɗari da haihuwa, don a ganinta mawaƙin ɗan Hindu ne, na Indiya ne. Haq da Sufia Kamal da Sanjida Khatun, dukkansu 'ya'yan gidajen Musulmi, suka yi kunnen ƙashi suka yi bikinsu, daga nan Chhayanaut ta samo asali. A 1967 aka hana sa waƙoƙin Tagore a rediyon gwamnati. A shekarar ce kuma Chhayanaut ta fara tarbar sabuwar shekarar Bengali da waƙa da sassafe, a gindin wata babbar bishiya a lambun Ramna.

Ga abin da 'yan kishin ƙasar yau ba sa son a tuna musu: a yaƙin neman 'yancin Bangladesh na 1971 Haq na cikin waɗanda suka haɗa ayarin mawaƙa suna zagaya sansanonin 'yan gudun hijira da na mayaƙa suna ƙarfafa musu gwiwa. Da aka samu 'yanci, waƙar Tagore ɗin nan da aka haramta ce ta zama taken Bangladesh. Wanda ya miƙe tsaye don taken da safe, ya je ya fasa kayan kiɗan masu koyar da shi da dare, sai ya faɗa mana wace ƙasa yake kishi.

Masu cewa cibiyar ta 'yan boko ce masu ji da kai, ko da gaskiyarsu, ashana ba amsa ba ce.

An ma gwada abin da ya fi wuta. Ranar 14 ga Afrilun 2001 bam ya tashi ana tsakiyar waƙa a Ramna, mutum 10 suka mutu. Da shekara ta zagayo aka koma gindin bishiyar. Haq ya rasu a Janairun 2007, ya bar wasiyyar a ba ɗaliban likitanci gawarsa.

Ya kamata hukuma ta kamo waɗanda kyamarori suka ɗauka a harin Disamba, ta kai su gaban alƙali, ta biya kuɗin gyara. Washegarin harin na Disamba, The Daily Star, jaridar da Haq ya yi wa aiki, ba ta fito ba, karon farko tun kafa ta a 1991.