Ba injin da ya yi hatsari za a tayar ba

Na gode da wannan rahoto, amma akwai wurin da ke buƙatar ƙarin bayani. Kun ce Microsoft ta ƙulla yarjejeniyar shekara 20 da kamfanin Constellation domin a sake kunna tashar nukiliya ta Three Mile Island da ke jihar Pennsylvania a Amurka. Mai karatu zai iya ɗauka injin da ya yi hatsari a 1979 ne za a tayar. Ba shi ba ne. Injuna biyu ne a tashar, wancan na biyu ne kuma bai ƙara aiki ba. Na farkon ne za a farfaɗo da shi, wanda ya yi ta ba da wuta har 2019, aka rufe shi saboda wutar iskar gas ta fi tasa araha.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne dalilin tayar da shi, wato samar wa cibiyoyin adana bayanai na Microsoft wuta. Cibiyoyin adana bayanai masu ɗauke da ƙirƙirarriyar basira ba sa barci, dare da rana suna shan wuta, ga ruwan sanyaya na'urori. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 cibiyoyin adana bayanai gaba ɗaya sun sha kusan kashi 1.5 cikin ɗari na wutar duniya, kuma tana ganin zai ninka zuwa 2030. Gara nukiliya da kwal, wannan na yarda. To amma sharar fa? Har yau Amurka ba ta da wurin binne ta na dindindin, aikin gina wurin binne ta a dutsen Yucca da ke jihar Nevada ya tsaya cak, ana ta tara ta a harabar tashoshin. Don Allah ku bibiyi wannan ɓangaren a rahoto na gaba.