Faifan da mawaƙi bai fitar ba, shi ma yana buƙatar mai sharhi

A shekarar 2000 ƙungiyar makaɗa ta Pearl Jam, ta birnin Siyatul a Amurka, ta naɗi kusan duk wasannin da ta yi a rangadinta na Turai da Amurka ta Arewa, ta fitar da su kasuwa har kundi 72. Biyar daga ciki suka shiga Billboard 200, jerin kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, a mako guda. Wasan Roskilde na ƙasar Denmak, inda mutum tara suka rasu a turmutsitsi, ba ta fitar da shi ba. Abin da ya kai ta ga wannan aiki shi ne yadda masoyanta suka daɗe suna zuba kuɗi mai yawa a kan faifan bayan fage, wanda wani ya naɗa a ɓoye, sau da yawa da sauti maras kyau.

Ra'ayina shi ne masu sharhin waƙa su riƙa sauraron irin waɗannan fayafayai suna rubutu a kansu a fili. Kau da kai bai taɓa hana cinikin ba. Mai saye kawai yake bari cikin duhu.

Reshen kiɗan rok da ya taso daga ƙananan gidajen rawa da rediyon jami'o'i a shekarun 1980, ya yi tashe da su Nirvana da R.E.M. da Radiohead, rabin ransa a kan dandamali yake. Waƙa ɗaya takan sauya kama daga dare zuwa dare. Nirvana ta yi wasa kusa da birnin Rum ranar 22 ga Fabrairu 1994, mako guda kafin wasanta na ƙarshe a Munik, kuma jagoranta Kurt Cobain ya rasu a watan Afrilu. Wani kamfanin Italiya mai suna Kiss the Stone ya fitar da naɗin wannan dare, domin a lokacin dokar ƙasar ba ta kare naɗin wasan kai-tsaye na baƙin mawaƙa yadda ya kamata ba. Wanda yake son ya ji yadda muryar mutumin ta koma a makonninsa na ƙarshe, can zai nufa. Ta yaya mai sharhi zai yi kamar babu wannan faifai a duniya?

Ga kuma algus da ya cika wannan kasuwa, wanda shi ya fi damuna. Akan ɗauki wasa ɗaya a sauya masa bango da suna a sake sayar wa mutum guda. Akan rubuta rana da garin da ba su ba. Waƙar Nirvana da aka fitar a hukumance a 2002 da sunan "You Know You're Right" ta yi shekaru tana yawo da sunayen da ba nata ba, daga wani naɗi na wasan Chicago na Oktoba 1993. Sannan akwai maganar sauti. Naɗin da aka ja daga teburin injiniya daban yake da na ɗan rikoda da aka ɓoye a aljihu. A na aljihun za ka ji wanda ke tsaye kusa da mai naɗin yana ihu har ya danne mawaƙin, ganga ta koma kamar ana bugun kwali, wani lokaci kaset ɗin ya yi gudu har murya ta siranta. Bangon faifai ba zai gaya maka wannan ba. Sai wanda ya zauna ya saurara daga farko har ƙarshe, ya gwada da wasu naɗe-naɗen, ya ce maka wannan ya ci kuɗinsa, wancan kuwa ka riƙe kuɗinka.

Faifan da aka shigo da shi daga wata ƙasa ba ya cikin wannan rigima, halattacce ne, mawaƙi na samun rabonsa. Tsada ce matsalarsa. Kamfanonin Japan sukan ƙara waƙa ɗaya ko biyu a bugunsu don 'yan ƙasar su sayi na gida, wanda ya fi na waje tsada. Waƙar "Yellow Ledbetter" ta Pearl Jam a matsayin ƙari a faifan waƙar "Jeremy" ta fito a 1992, kuma sai a 1995 aka sayar da faifan a Amurka, don haka shekara uku Amurkawa na sayen waƙar 'yan ƙasarsu daga ƙetare. Aikin mai sharhi a nan gajere ne: ya faɗi abin da aka ƙara, da ko ya kai a sake sayen kundin da mutum ya riga ya mallaka.

Na san abin da za a ce, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Mu da muka ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan Kannywood ba ma buƙatar a yi mana bayanin zafin a ci gumin mutum. Za a ce yabon faifan ɓoye talla ce ga ɓarawo. Amurka ma ta mayar da naɗin wasa ba da izini ba da cinikinsa laifi a 1994. Amma wanda ya kwafi kundin da ke kasuwa ya buga jabunsa, ciniki ya ƙwace kai tsaye, kuma babu abin da mai sharhi zai ce a kansa sai gargaɗi. Wanda ya sayi naɗin wasan Rum kuwa, kusan kullum mutum ne da ya gama sayen duk abin da ƙungiyar ta fitar, yana neman ƙari. Wannan bai halatta ribar da 'yan bayan fage suka ci ba. Shi ya sa nake so mai sharhi ya faɗa tun a layin farko cewa ko sisi ba ya kai wa mawaƙan, ya kuma nuna bugun hukuma idan akwai shi. Iyalan Cobain da sauran 'yan ƙungiyar sun fitar da akwatin "With the Lights Out" a 2004, ɗauke da abubuwa da dama da a baya sai a faifan ɓoye ake jin su. Daga ranar, mai sharhi na gari can zai tura mutane.

Inda nake tsayawa shi ne abin da aka sace daga ɗakin mawaƙi. Wasan dandamali an yi shi ne gaban dubban mutane, da niyyar a ji. A watan Yuni 2019 ɓarayi suka saki wajen awa 18 na gwaje-gwajen Radiohead daga zamanin kundin "OK Computer" na 1997, naɗin da mawaƙin ƙungiyar Thom Yorke ya ajiye wa kansa, har aka ruwaito cewa an nemi dala 150,000 a kansu. Makaɗin ƙungiyar Jonny Greenwood ya faɗa ƙarara cewa ba don jama'a aka naɗe su ba. Ƙungiyar ta sa su a Bandcamp, shafin sayar da waƙa a intanet, kan fam 18 na tsawon kwana 18, kuɗin ya tafi ga masu fafutukar kare muhalli na Extinction Rebellion. Tsakanin sakin da ɓarayi suka yi da wanda masu kayan suka yi, 'yan kwanaki ne kawai. Mai sharhin da ya yi rubutu a cikin waɗannan kwanaki ya taimaka wa masu neman kuɗin fansa, kuma da ya haƙura, da ya saurari naɗin nan ɗaya da izinin masu shi.