Gurbin Firimiya ba kayan sayarwa ba ne

Har yau abin da ya faru a 2024 bai daina ci mini rai ba, musamman da yake ana ta maganarsa kamar wata dabara ce ta shugabanci. Heartland ta Owerri ta faɗi daga gasar Firimiya ta Najeriya, NPFL, tare da Sporting Lagos da Doma United da Gombe United. Uku suka tattara komatsansu suka gangara NNL, gasar mataki na biyu. Ita kuwa Heartland ko wasa ɗaya ba ta buga a can ba, sai ga ta cikin jadawalin sabuwar kaka da gurbin Beyond Limits, ƙungiyar da ta yi gumi ta haura daga Super 8 ta Enugu, wato wasannin ƙungiyoyi takwas na neman haurawa Firimiya.

Hujjar da aka bayar kowa ya ji ta: Beyond Limits da Remo Stars da ke Firimiya duk na Kunle Soname ne, kuma ƙungiyoyi biyu na mutum ɗaya ba sa zama a gasa ɗaya. Wannan doka daidai ce. To amma ranar da aka yi wa Beyond Limits rajista a NNL, ba a san mai ita ba ne? An sani sarai. Aka bar ta ta shiga rukunin Kudu, ta kwashe maki, ta tare wa wata ƙungiya hanyar Super 8, sai da ta haura aka tuna da doka.

Wanda bai san yadda ake gudanar da kaka ɗaya a NNL ba, ba zai gane girman wannan zalunci ba. Babu wani kuɗin talabijin na a zo a gani, kuɗin ƙofa kuma ba ya riƙe ƙungiya. Duk wasan gida sai an tanadi fili, jami'an tsaro, motar asibiti da masu ɗaukar wanda ya ji rauni. Wasan waje kuma bas ce, da mai, da masauki, da abincin tawaga. Ƙungiyar da za ta tashi daga Sakkwato zuwa Maiduguri ko Yola yini take a hanya, wani lokaci har da kwana, ta sauka da kumburarrun ƙafafu ta shiga fili washegari. Albashi ya makara, alawus ɗin wasa ya zama alkawari. Abu ɗaya ke sa mai ƙungiya da ɗan wasa su jure wannan: kujeru huɗu na haurawa Firimiya, biyu ga Arewa, biyu ga Kudu. In ɗaya daga cikinsu za ta iya komawa hannun wanda ya faɗi, me ya rage na gasar?

Masu kare abin suna cewa Heartland tsohuwar ƙungiya ce mai tarihi da magoya baya, bai kamata ta ɓace daga Firimiya ba. Su je su faɗa wa Kanawa. Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar sau huɗu, a 2008, 2012, 2013 da 2014, amma da ta faɗi a 2022 gangarawa ta yi, ta buga kakarta, ta dawo ta Super 8 ta Asaba a 2023 tare da Katsina United. Ita kanta Heartland ta wannan ƙofar ta dawo a shekarar, har da kofi, don haka ta san hanya. El-Kanemi Warriors ma tana NNL ta ci kofin Federation na 2024. Gangarawa ba ta kashe ƙungiyar da ke da tsari.

Kuma gurbin bai warkar da komai ba. A 2025 Heartland ta sake faɗuwa, domin abin da ya kayar da ita tun farko yana nan yadda yake. An dai hana wata ƙungiya damarta a banza.

Sifaniya ta daɗe da warware wannan. Ƙungiyar matasan Barcelona ta ƙare ta uku a gasar mataki na biyu a kakar 2013/14, amma tun kafin a take leda kowa ya san ba za ta haura ba, domin babbar ƙungiyar Barcelona tana La Liga. Gurbinta na wasannin neman haurawa ya gangara kan tebur zuwa ta bakwai, Cordoba, wadda ta yi amfani da shi ta shiga La Liga. Ba ciniki, ba taron sirri.

Haka ya kamata hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFF, da hukumar NNL su rubuta baƙi da fari kafin wasan farko na kaka: ƙungiyar da ubangidanta ke da wata a Firimiya ta buga gasa in tana so, amma ba ta haurawa Firimiya. Duk gurbin da ya zama babu mai shi, na wadda ke biye a tebur ne. Wadda ta faɗi kuma ta zauna a ƙasa kaka guda cur, ko gwamnan jiharta ne ke riƙe da ita.