Ba kowane Bature ne Kirista ba

A gida, da an ga Turawa a fim suna shan giya ko yawo rabin tsirara, sai a ce ai haka Kiristoci suke. Duk wanda ya zauna a Ingila ya san wannan magana ba ta da tushe. A ƙidayar jama'a ta 2021, kashi 46.2 cikin ɗari ne kawai na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kiristoci ne, alhali a 2011 kashi 59.3 ne. Waɗanda suka ce ba su da addini kwata-kwata sun kai kashi 37.2. Ko cikin masu amsa sunan ma, da yawa ba sa leƙa coci sai ɗaurin aure, jana'iza ko Kirsimeti. Idan kana neman cocin da ya cika ya batse ran Lahadi a Landan, nufi Peckham ko Old Kent Road, inda 'yan Najeriya da 'yan Gana suka mai da tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya wuraren ibada.

Kwatanta wannan da majami'ar ECWA ko COCIN a Jos, Kafanchan ko Kaltungo. Sujada da Hausa ake yi, takan kai awa uku, mata da ɗankwali, 'yan Zumuntar Mata da anko ɗinsu suna buga tulu suna waƙa. Giya haramun ce ga ɗan ikilisiya. Wanda aka kama da maye ko cikin shege, dattawa za su zauna a kansa, a sanar a gaban jama'a, a hana shi Jibin Ubangiji (gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a coci don tunawa da mutuwar Yesu) da duk wani muƙami na tsawon watanni, wani wurin har a mai da shi bencin baya sai an ga tubarsa. A Cocin Ingila kuwa sujada awa ɗaya ce ko ta ɗan gota, ana amfani da giyar inabi ta gaske a Jibi, a tashi a sha shayi. Methodist na nan Ingila, su ruwan inabi marar sa maye suke zubawa. Suna ɗaya, amma tsarin rayuwa ya sha bamban.

Wanda zai fi ba Bahaushe mamaki shi ne Kiristan Habasha. A cocinsu na Orthodox ana cire takalmi a ƙofa, maza gefe mata gefe, mata sun yafa farin mayafi. Ba sa cin alade. Suna azumi kusan kowace Laraba da Juma'a, ga babban azumi na kwana 55 kafin Ista, ba nama, ba madara, ba ƙwai, masu tsanantawa ba sa sa komai a baki sai rana ta karkata. Kirsimetinsu 7 ga Janairu ne, kamar na Kibɗawan Masar. Sarkin Habasha Ezana ya karɓi addinin tun ƙarni na 4, fiye da shekara 200 kafin Augustine, ɗan mishan daga Roma, ya sauka Kent ta Ingila a 597 don yi wa Ingilishi wa'azi. To wa ya ari addinin wa?

Ga inda rashin sanin ke jawo kunya. Ka gayyaci abokin aikinka ɗan Habasha ran Juma'a ka dafa masa farfesun rago, zai zauna yana juya cokali. Ɗan Katolika a lokacin azumin kwana 40 ba ya cin nama ran Juma'a amma yana cin kifi, kuma azuminsa na dole kwana biyu ne, Larabar Toka da Juma'ar da ke gaban Ista, inda zai ci cikakken abinci sau ɗaya da ɗan abin taɓawa sau biyu. Ɗan ECWA kuwa, ka kai masa kwalbar giya a matsayin tsarabar Kirsimeti yadda Turawan ofis ke yi, ka ɓata masa rai. Tambaya ɗaya ke raba gardama: wace ɗarika yake bi?

Sai batun aƙida, inda aka fi yin kuskure. Babu ɗarikar da ke koyar da alloli uku. Kirista yana karanta Markus 12:29, inda aka ce Ubangiji ɗaya ne, kuma abin da yake nufi da Triniti shi ne Allah ɗaya, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Maryamu ba ta ciki, ko a wurin Katolika da ke girmama ta matuƙa. In kuma Kirista ya ce Ɗa, ba ya nufin haihuwa irin ta miji da mata. Musulmi bai yarda da wannan koyarwa ba, bai yarda da gicciye ba, kuma wannan saɓani ne na gaske da ba a shafe shi da daɗin baki. A ganina dai, in za ka ƙi maganar mutum, ka ƙi wadda ya faɗa, ba wadda ka ɗora masa ba. Haka zancen littafi: na Furotesta yana da littattafai 66, na Katolika 73, na Habasha 81. Bambancin na farkon biyun duk a Tsohon Alkawari yake, Sabon Alkawarinsu 27 ne daidai wa daida.

Kuskuren yana da ɗaya fuskar, kuma a nan waje ya fi fitowa. Bature da ɗan kudu duk sun ɗauka Bahaushe ba ya zama Kirista. Mai suna Yakubu ko Saratu ya shiga cocin 'yan Najeriya a Landan da kaftani ko mayafi, tambayar farko ita ce yaushe ya tuba, alhali watakila kakansa a coci aka raɗa masa suna. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, aikin da Dakta Walter Miller na CMS, ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, ya yi wa hidima shekara da shekaru a Zariya. Daga Kiristocin Wusasa aka sami Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A ƙauyukan Kano, Katsina da Jigawa akwai ikilisiyoyin Hausawa da iyayensu Maguzawa ne, a Nijar kuma ana sujada da Hausa a Maraɗi da Galmi, inda asibitin ƙungiyar mishan ta SIM yake aiki tun 1950.