Kamfanonin kwamfuta sun mayar da masu kwamfutar kan tebur 'yan bora

A watan Satumban 2025 kamfanin Apple ya sake tara duniya ya fito da iPhone 17, kamar yadda ya saba yi duk shekara ba fashi. A daidai wannan lokaci kuma babbar kwamfutarsa ta kan tebur, Mac Pro, wadda a lokacin farashinta ke farawa daga dala 6,999, tana nan da ƙwaƙwalwar M2 Ultra, wato ɓangaren da ke sarrafa aikin kwamfuta, da aka sa mata tun watan Yunin 2023. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a watan Maris na 2025 an sabunta Mac Studio, wata kwamfutar tebur ta Apple wadda ba ta kai ta tsada ba, aka ba ta sabbin ƙwaƙwale M4 Max da M3 Ultra, aka tsallake Mac Pro kamar babu ita. Wanda ya biya kuɗi mafi yawa shi ya tashi da tsohon kaya.

Da a ce karon farko ke nan, da sai mu ce kuskure ne. To ba shi ba ne. A ƙarshen 2013 Apple ya fito da Mac Pro mai siffar gwangwani, baƙa, kyakkyawa, a kan dala 2,999. Aka yi 2014, aka yi 2015, aka yi 2016, kwamfutar tana nan yadda take, farashinta bai motsa ba, kamfanin kuma bai ce uffan ba. Sai a watan Afrilun 2017, bayan masu haɗa fim da masu shirya sauti da masu zane sun fara tattara kayansu suna komawa Windows, manyan jami'ansa Phil Schiller da Craig Federighi suka kira 'yan jarida kaɗan suka amsa cewa ƙirar ta ɗaure musu hannu: gwangwanin ba zai iya fitar da zafin sabbin katunan hoto masu ƙarfi ba, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto da bidiyo. Suka ba da haƙuri, suka yi alkawari. Cika alkawarin ya kai Disambar 2019. Shekara shida ke nan. Ita ma ƙaramar Mac mini an bar ta daga Oktobar 2014 har Oktobar 2018 ba a taɓa ta ba.

Nan ne masu kare kamfanonin ke miƙewa da hujjar da na gaji da ji: ai kasuwa ce, kowa ya koma waya, kamfani kuma inda riba take nan yake zuwa. Har alƙaluma suke kawowa, kuma alƙaluman gaskiya ne. Tun 2011 yawan wayoyin zamani da ake sayarwa a shekara ya zarce na kwamfutoci. A shekarar kuɗi ta 2023 iPhone ta kawo wa Apple kimanin dala biliyan 200, yayin da dukkan kwamfutocin Mac, na tebur da na tafi-da-gidanka a haɗe, ba su kai biliyan 30 ba. Tun ranar da aka nuna iPhone ta farko a Janairun 2007 kamfanin ya cire kalmar kwamfuta daga sunansa.

Duk mun yarda. Amma ni ina tambaya: wannan wayar da ake tutiya da ita, wa ke cika ta da abin kallo da abin amfani? Manhajar da ke kan iPhone, da wata manhajar Apple mai suna Xcode ake haɗa ta, Xcode kuwa a kan Mac kaɗai yake aiki. Fim ɗin da kake kallo a tafin hannunka, wani ne ya zauna gaban babban allo ya yanka shi, ya daidaita launinsa, ya bar na'ura tana gurnani har dare kafin ta fitar da shi. Taswirar gini, ƙirar injin mota, lissafin masu binciken cututtuka, duk ba a yin su da babban yatsa a kan gilashi. Waɗannan mutane ba su da yawa, haka ne, amma ribar biliyan 200 ɗin a kan guminsu take tsaye. Kamfanin da ke auna darajarsu da adadin kwamfutar da suka saya kawai bai san lissafin kansa ba.

Shi kansa Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, a 2010, shekarar da iPad ta fito, ya kwatanta kwamfuta da babbar motar ɗaukar kaya: ya ce za ta ci gaba da kasancewa, sai dai masu buƙatarta za su ragu. Magoya bayan waya suna son wannan magana ƙwarai, amma rabinta suke ɗauka. Bai ce a daina gyara motar ba. Bai ce a sayar wa direba ƙirar shekara huɗu da suka wuce a farashin sabuwa ba.

Kuma a nan ne ainihin ƙorafin yake, ba a jinkirin kaɗai ba. A da, mai kwamfutar tebur bai damu sosai da ko kamfani ya yi nawa ba, domin yana da mafita a hannunsa. Sai ya kwance kusoshi biyu, ya zare murfin gefe, ya hure ƙura, ya cire tsohon katin hoto ya danna sabo har ya ji ya kama, ya ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, a ramukan da ke jira. Kafin shayinsa ya huce na'urarsa ta ƙara shekara uku. Wannan 'yanci shi ne dalilin sayen kwamfutar tebur tun asali. Yanzu fa? Mac Pro ta 2019 tana ɗaukar RAM har terabait 1.5, kuma mai ita ne ke ƙarawa da kansa. Ta 2023 iyakarta gigabait 192, a manne da ƙwaƙwalwar, ba a ƙarawa, ba kuma ta karɓar katin hoto na wani kamfani. An kawo ɗabi'ar waya, wadda ake rufewa ruf a jefar idan ta tsufa, an ɗora wa na'urar da aka ƙera don a riƙa buɗe ta. Kai kamfani, ba ka sabunta ba, ka hana ni sabuntawa, ba ka rage farashi ba, ba ka kuma faɗa mini ranar da sabuwa za ta fito ba. Me ake kiran wannan in ba wulaƙanci ba?

Kada wani ya ɗauka cutar a gidan Apple kaɗai take. A 2012 Microsoft ya ruɗe da ganin yadda iPad ke cin kasuwa, ya fito da Windows 8, ya cire maɓallin Start da mutane suka saba da shi tun 1995, ya cika allon da manyan akwatuna da aka tsara don shafawa da yatsa. Ma'aikacin da ke zaune da madannai da linzami gaban allon da ba ya jin shafa, shi aka tilasta wa koyon sabon salo saboda na'urar da ba ita yake amfani da ita ba. Sai da ihu ya yi yawa aka dawo da maɓallin a 2013, cikakken jerin manhajojin da maɓallin ke buɗewa kuma sai a Windows 10 a 2015. Intel, mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, shi ma haka: kwamfutocin tafi-da-gidanka sun samu ƙwaƙwalwar da aka ƙera da sabuwar fasahar nanomita 10 tun 2019, na tebur kuwa har 2021 ana ba su nanomita 14, fasahar da ta fara tun 2014. Kafin nan ma kamfanin ya shafe shekaru yana tsare masu saye na gama-gari a kan ƙwaƙwalwa mai cibiya huɗu, wato sassa huɗu masu aiki a lokaci ɗaya. Da abokin hamayyarsa AMD ya fito da ƙwaƙwalwar Ryzen mai cibiya takwas a farkon 2017, kafin shekarar ta ƙare Intel ya fito da mai shida. Ashe ana iyawa. Abin da babu shi ne tsoron rasa mai saye.

Wasu za su ce kwamfutar tafi-da-gidanka ta yanzu ta isa kowane aiki. Waɗannan ba su taɓa jin yadda take rage gudu ba idan ta yi awa biyu tana ɗaukar zafi. Wasu kuma su ce ai ƙwaƙwalwar M1 da ta farfaɗo da Mac a 2020 daga fasahar waya ta samo asali, don haka mu gode. Na yaba da M1, amma ragowar abin da aka ƙera don wani ba ta zama hujjar barin kwamfutar dala dubu bakwai ta tsufa a kanti ba.

Abin da ake nema ba mai yawa ba ne. Kamfani ya fito ya faɗi tsarin da yake bi wajen sabunta kwamfutocin tebur, ko shekara biyu-biyu ne, a sani, domin mai ɗakin haɗa fim ko shugaban sashen bincike ya iya tsara kasafinsa. Idan na'ura ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, farashinta ya sauko. Idan kuma an yanke shawarar kashe ta, a faɗa a fili, kamar yadda aka janye iMac mai inci 27 a 2022, mutane su san inda suka dosa. Hukumomin da suka iya tilasta wa Apple komawa cajar USB-C a Turai su waiwayi batun manne RAM da ma'adana a kwamfutar da ba ta da matsalar wuri ko ta batir. Masu saye kuwa su daina jiran a tausaya musu: a 2017 ba wasiƙun koke ne suka sa manyan Apple ba da haƙuri ba, ganin ƙwararru suna ficewa ne.