Kafin wata ya tsaya, a duba littafin bashi

Tun da Sha'aban ya kama, hirar Maradi ta koma kan sukari. A babbar kasuwa, a majalisun Zariya da Sabon Gari, tambayar ɗaya ce: nawa kwali yau? Samari na lissafin wanda za su kai gidan surukai, masu firiza na gyara don sayar da ƙanƙara, mata na surfen geron kunu. Ban ga laifin kowa ba, bakin da ya wuni babu ruwa a garin nan yana da haƙƙi. Sai dai akwai shirin da ba na jin ana zancensa, alhali a ganina shi ya kamata ya sha gaban sukari: biyan bashi.

Na farko bashin azumin kansa. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce ramuwa kan kasance a kanta, ba ta samun yi sai a Sha'aban. Ke nan akwai sarari, amma yana da iyaka. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, wanda ya yi sakaci har wani Ramadan ya riske shi babu uzuri, zai rama, kuma ya ciyar da mudu ɗaya na Annabi kan kowace rana. Mun mayar da ramuwa zancen mata kawai. To direban da ya sha azumi a hanyar Yamai ko Damagaram fa? Wanda zazzaɓi ya kwantar bara fa? Kai kuma maigida, ka san kwali nawa ka sayo, amma ka taɓa tambayar Hajiya kwana nawa ya rage mata, ko ka sauƙaƙa mata girki ta samu ta yi?

Na biyu, bashin mutane, shi ya fi ci mini rai, domin garinmu garin fatauci ne, rabin cinikinmu a kan "rubuta, zan kawo" yake tafiya. Leƙa wurin mai butikin unguwarku ka ce ya nuna maka littafinsa. Bangon ya yi baƙi da mai, gefen takardun ya nannaɗe, ga sunaye layi-layi: taliya biyu, sabulu, man gyaɗa rabin lita, tun kafin babbar Salla. Mafi yawan masu sunayen nan a sahun gaba za ka same su daren farko na asham. Tela bai karɓi cikon ɗinkin bara ba, ga shi an sake dire masa sabuwar shadda. Mai ga-ruwa yana bin jikka biyu. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye tana wanke-wanke ta yi watanni ana ce mata ana tara mata. Malamin allo ma kuɗin Laraba sai ya roƙa.

Abin mamaki, ayoyin azumi da ayar bashi a sura ɗaya suke. Baƙara aya ta 183 ta wajabta azumi, aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta ce in kun ƙulla bashi ku rubuta. Masallacin da ke karanta izu biyu kowane dare, a dare na uku liman zai biyo ta kanta, muna tsaye a bayansa, wasu har da hawaye. Manzon Allah (SAW) ya ce jan rai daga mai hali zalunci ne. An taɓa kawo masa gawa, da ya ji akwai bashi bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. A Sahihu Muslim kuwa, shahidi ana gafarta masa komai banda bashi. In shahada ba ta goge shi ba, tahajjud ɗin goman ƙarshe ne zai goge?

Shi ya sa nake kasa yin shiru in na ga Alhaji ya jera buhunan shinkafa a ƙofar gida, ana rabo ana ɗaukar hoto don Facebook, alhali leburorin da suka sauke masa kayan suna zarya kan kuɗinsu. Sadaka nafila ce, Alhaji. Haƙƙin lebura wajibi ne, kuma ba ya jiran watan lada.

Na san za a ce rayuwa ta yi tsada, kuma gaskiya ne. Tun rufe iyakar Nijeriya da aka yi a 2023 kasuwancin garin nan ya jigata, mutane da yawa jarinsu ya karye. Ba da wanda babu nake ba. Shi aya ta 280 ta riga ta tsaya masa: a jira shi har ya samu, in an yafe ma ya fi. Abin da ke kansa kawai ya daina sauya hanya in ya hango mai kuɗin. Ya je ya yi sallama, ya ce Malam ban manta ba, ga dala ɗari, sauran bayan Salla. Masu bin bashi su ma, mai hali ya buɗe littafinsa ya ja layi kan sunan gwauruwar da ya san ba ta da shi, ba sai ya sanar da unguwa ba.

Wanda ke nesa kuma, kamar a Agadas, uzurin tafiya ya ƙare tun da kamfanonin aika kuɗi na Nita da Amana suka zo. Kuma yanzu ne mai butiki ya fi bukatar kuɗinsa, domin shi ma sari zai yi kafin farashi ya tashi, kuma dilan da ke ba shi kaya ba ya karɓar "Allah ya ba da haƙuri".